Daga Rumbu Zuwa Kuɗin Cefane: Yadda Hausawa Suka Riƙa Shirya 'Ya'yansu Riƙon Gida

A tsarin zaman Hausawa na dauri, aure ne ƙofar da saurayi ko budurwa ke bi su fita daga ƙarƙashin ciyarwar iyaye, kuma ilimin da ake bukata kafin a ƙetare wannan ƙofa an raba shi gida biyu tun daga ƙuruciya. Namiji ana koya masa yadda ake samo abinci da adana shi da auna shi har ya kai iyali daga kaka zuwa kaka, mace kuwa ana koya mata yadda ake sarrafa abin da aka auno ya zama tuwo da miya da fura. Babu ɗayansu da aka sa ran zai riƙe ɓangarorin biyu shi kaɗai, kuma babu wanda ake saki rana ɗaya a ce ya ji da kansa, domin al'ada ta tanadi matakai da ke ɗauke wa sabon gida nauyi na watanni, wani lokaci ma na shekaru. Abin da ya faru a cikin fiye da ƙarni ɗaya da ya wuce shi ne waɗannan matakai sun yi ta zaizayewa ɗaya bayan ɗaya, alhali rabon ilimin tsakanin maza da mata ya tsaya kusan inda yake.

Matakin farko kuma mafi girma shi ne gandu, wato haɗin gwiwar uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa bayan rasuwar uba, inda suke noma gona ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Saurayin da aka yi wa aure a gandu ɗaki kawai ake gina masa a wani sashe na gidan, amma ciyarwarsa da ta amaryarsa tana nan a wuyan maigida, wanda shi ne ke biyan harajin 'yan gandu, ya samar da iri da fartanya da garma, kuma bisa al'ada shi ke ɗaukar ɗawainiyar auren fari na kowane ɗa. Ɗa yana aiki a gonar gandu daga safe zuwa azahar, da yamma kuma da ranakun hutu ya koma gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai, kuma a nan ne yake fara sanin abin da ake nufi da ajiye iri, da sayarwa lokacin da hatsi ya yi daraja, da nadamar wanda ya sayar da wuri. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya ɗauki masu ci daga tukunya ɗaya a matsayin ginshiƙin lissafin tattalin arzikin Hausawa, Polly Hill kuma, a littafinta na 1972 kan Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa gandun uba da 'ya'ya ya fi na 'yan'uwa ƙarko nesa ba kusa ba, domin na 'yan'uwa yakan watse ba da jimawa ba bayan an raba gado. Fita ta haƙiƙa ke nan tana zuwa ne ranar da aka raba tukunya, kuma wannan rana takan riski namiji yana da 'ya'ya, ya shekara da shekaru yana kallon yadda ubansa ke buɗe rumbu da rufe shi.

Lissafin maigida na shekara ne, kuma da dami ake yinsa. Idan an gama girbi an ɗaure gero da dawa, sai a fitar da zakka, ɗaya bisa goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, a ware iri, a ware abin da za a sayar don haraji da sutura da bukin da ake hange, sauran kuma a zuba a rumbu a liƙe. Daga nan aikin ya koma awo, wato hatsin da maigida ke fitarwa ya miƙa wa mai girki, da mudu ko tiya ko kwano, ma'aunan da girmansu ke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Gwanintar maigida ana ganinta ne a tsakiyar damina, lokacin da aikin gona ya fi tsanani, hatsi ya fi tsada, sabon gero kuma bai nuna ba, domin wanda ya saki hannu da rani a lokacin ne zai koma kwaɗon rama da tafasa, ko ya tafi ƙwadago a gonar wani ya bar tasa ciyawa na cinyewa, ko ya ci bashin dami ɗaya da zai biya biyu da kaka. A ƙauyuka da dama na ƙasar Maraɗi an san wani tsari mai tsauri, inda ake rufe babban rumbu da rani maza su tafi ci-rani, mata su ciyar da kansu da 'ya'yansu daga amfanin gamanarsu, wadda ita ce gayauna a bakin mutanen can, ba a sake buɗe rumbun sai ruwa ya sauka. Yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da farin 1972 zuwa 1974, sun bar wa tsofaffi darasin da ya sa ake yaba manomin da ke da hatsin bara a rumbu alhali na bana ya shigo gida.

Cefane, wato sayen kayan miya da sauran abin da gona ba ta bayarwa kamar gishiri da kanwa da mai da nama da itace, shi ne ɓangaren da ya shafi kuɗi tun da can, kuma a birane irin su Kano, inda kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, malamai da masu sana'a da fatake da yawa hatsin ma saye suke yi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa iyali guda na iya rayuwa cikin wadata a shekara, har da sutura, da wuri dubu 50 zuwa 60, abin da ya kama kimanin wuri 140 zuwa 160 a rana. Wuri ya dace da cefanen kullum saboda ƙanƙantar darajarsa, domin da 'yan ƙwayoyi kaɗan ana iya sayen ƙullin gishiri ko daddawa guda, kuma wannan ɗabi'a ta saye kaɗan-kaɗan kowace safiya ta wanzu bayan wurin kansa ya ɓace.

Wanda zai biya kuwa shari'a ta riga ta ambace shi. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita ta littattafai irin su Risala da Muhtasar, nafaƙa, wato ci da sha da sutura da muhalli, wajibi ce a kan miji gwargwadon ƙarfinsa da matsayin matar da al'adar garin, dukiyar mace kuma tata ce, babu tilas ta sa ko anini a tukunya. Malaman mazhabar sun ɗora wa mace hidimar cikin gida irin su kwaɓi da shara da girki idan ba ta cikin waɗanda aka saba yi wa hidima ko kuwa mijin ba shi da hali, amma sun cire mata aikin neman kuɗi kamar kaɗi da saƙa. A gidajen sarauta da na attajirai kafin zuwan Turawa bayi ne ke daka da niƙa da ɗebo ruwa, kuma Heidi Nast ta nuna cewa a fadar Kano ƙwaraƙwarai ne suka daɗe suna kula da hatsin da ke shigowa gidan sarki. Da bauta ta gushe a hankali, har aka soke ta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936, kulle ya yaɗu zuwa gidajen talakawa, a wani ɓangare domin matan da suka fita daga bauta sun ɗauki barin gona alamar 'yanci, kamar yadda Smith ya fassara lamarin. Sakamakon haka ga cefane a bayyane yake: matar aure ba ta zuwa kasuwa, don haka miji ne ko yaro ke sayowa, kuma an samu al'ummar da mai dafa miya ba ita ke zaɓen kayanta ba.

Koyon girki ba shi da ranar farawa. Yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar tana tuwon ƙasa da 'yan gwangwanaye ko fasassun tukwane a bayan ɗaki, ta girma kaɗan a fara aikenta ɗauko muciya da mara da maburgi, daga nan a ba ta tsintar hatsi da gyaran ganye da wanke-wanke da iza wuta. Aikin hatsi kansa tsani ne mai hawa da yawa. Akwai sussuka, wato raba ƙwaya da zangarniya a turmi, da sheƙa a iska, sannan surfe, wanda shi ne daka hatsi da ɗan yayyafin ruwa har dusa ta saki, da bakace a faifai, da wanki, da daka ko niƙa a dutse, da tankaɗe a rariya don a raba gari da tsaki. Yarinyar da ta iya waɗannan tana iya shekara biyu ba a bar ta ta tuƙa tuwon gida ba, domin tuƙi ne wurin da kuskure ba ya ɓoyuwa: idan an ɗora sanwa ruwa ya tafasa aka yi talge, wato aka dama gari aka zuba don ya yi kauri, sai an san lokacin da ya nuna kafin a zuba sauran gari a tuƙe, in ba haka ba tuwo ya fito da gudaji, ko ya yi ɗanye, ko ya yi ƙauri, kuma hatsin da ya lalace awon ranar ne gaba ɗaya, babu wani a madadinsa. Miya tana da nata ka'idojin, daga yawan kanwar da ke sa kuɓewa yauƙi ba tare da ta ɓata ɗanɗano ba, zuwa kaɗa kuka da maburgi, zuwa sanin daddawar kalwa mai kyau daga wari da launi. Fura kuwa sana'a ce mai zaman kanta, da cura da dafawa da kirɓi da mulmula. Duk wannan da ido da hannu ake koyonsa, babu ma'auni sai tafin hannu da ludayi, malamar kuma sau da yawa ba uwa ba ce, domin kunyar ɗan fari da al'adar riƙo sun sa 'yan mata da yawa sun tashi a hannun goggo ko inna ko kaka ko kishiyar uwa, waɗanda ba sa jin nauyin tsawatawa. Hatta tashen azumi yana da rabonsa a wannan tarbiyya, domin wasan Mairama da Daudu da 'yan mata ke yi kwaikwayon zaman miji da mata ne.

Abin da masu rubutu kan al'ada suka fi yin sakaci da shi shi ne cewa girki ya ƙunshi lissafi mai zurfi, kuma wannan lissafi a wurin kwasa yake bayyana. Mai girki ta san bakin da ke gidan, ta san akushin maigida da kwanon samari da na yara, ta san maƙwabtan da ake ciyayya da su, wato musayar abinci tsakanin gidaje, ta san almajirin gidan da tsohuwar da ake aika wa, kuma dole ta bar wani abu saboda baƙon da zai iya sallama bayan magariba da ɗumamen da yara za su karya da shi. Awo ɗaya ne, amma macen da ta iya sai ta fitar da tuwo, ta ajiye tsaki don fate ko dambu, ta ba awaki dusa da ruwan wankin hatsi, ta shanya ƙanzo. Hukuncin aikinta kuma a bainar jama'a ake yanke shi, tun da maza a zaure ko ƙofar gida suke haɗuwa kowa a fito masa da akushinsa a ci tare, a gidan da ke da kishiyoyi kuwa, inda ake karɓa-karɓar girki kwana bibbiyu, kwatanci ba ya ƙarewa.

Makaranta ta biyu ita ce talla. Da yake kulle ya hana matan aure fita, 'ya'yansu mata ne ke kai ƙosai da waina da ɗanwake da fura da ƙuli-ƙuli lungu-lungu, su sayo kayan sana'ar gobe, su dawo su ba da lissafi. Polly Hill ta kira wannan hada-hada ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, Enid Schildkrout kuma, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ribar tallar yarinya takan tafi ne wajen tara mata kayan ɗaki. Claude Raynaut ya ga irin wannan a wani ƙauye kusa da Maraɗi, inda dafaffen abinci ke yawo tsakanin gidaje a matsayin haja da kyauta. Illolin talla ga tarbiyya da karatun 'ya'ya mata sanannu ne, kuma malamai da hukumomi sun daɗe suna magana a kansu da hujja, sai dai adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi cewa yarinyar da ta yi shekara biyar tana talla takan shiga ɗakin miji ta san farashin komai, ta san uwar kuɗi da riba, ta san zubin adashi, abin da takwararta da ba ta taɓa riƙe kuɗi ba ba ta sani ba. Wannan ciniki ya kuma sauƙaƙa tsarin ciyarwa, domin a gidaje da yawa girkin dare ne kaɗai wajibi, kalaci da abincin rana kuwa saye ake yi daga maƙwabta, har miji yakan sayi abin da matarsa ta dafa don sayarwa ya biya ta kamar kowa.

Ranar tarewa amarya tana zuwa da kayan aikinta. Kayan ɗaki, waɗanda dangin amarya ke jerawa, sun fara ne da ƙore da akusa da tukwanen ƙasa da tasoshin tagulla, daga baya kwanonin sha da langa da fanteka da samira suka maye gurbinsu, kuma Barbara Cooper ta bi sawun irin wannan sauyi a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, inda ta nuna cewa jeren taskar mace ce da shaidar yawan mutanenta. Bayan kaya sai gara, wato abincin da iyayen amarya ke kaiwa gidan ango: hatsi ko shinkafa, man shanu ko man gyaɗa ko manja, gishiri da daddawa da kayan yaji, tare da alkaki da nakiya da dubulan, wanda ake raba wani kaso ga dangin ango sauran kuma ya riƙe sabon gida na wani lokaci. Amarya budurwa ba ta girki a kwana bakwai na farko, wa'adin da ya yi daidai da kwanakin da shari'a ta ware mata, bazawara kuma uku, kuma akan haɗa ta da 'yar zaman ɗaki, ƙaramar yarinya daga danginta da za ta taya ta aike da hira. Ko da ta shiga girki, a ƙarƙashin idon uwar miji ko uwargida ko matan yayyen miji take yi, haihuwar fari kuma takan mayar da ita gidan iyaye goyon ciki da wankan jego, ta dawo da wata garar. Labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 ta kuma ba Mary Smith tarihin rayuwarta aka buga a 1954, cike yake da irin wannan kai-komo na mata tsakanin gidaje da ƙore a ka. Zama da uwar miji ba daɗi ne zalla ba, kuma sakin aure da yawa daga nan ya samo tushe, amma ta fuskar koyo yarinyar da aka aurar tana shekara goma sha huɗu tana ci gaba da karatunta ne a hannun wasu malaman.

Namiji kuwa ba a koya masa girki, kuma shigarsa madafa abin zargi ne. Wanda ba shi da mata, tuzuru ne da bai taɓa aure ba ko gwauro da matarsa ta fita, a gidan wani yake ci ko ya saya, kuma birnin Kano yana da al'adar kamun gwauro a watan azumi ƙarƙashin Nalako, sarkin gwagware, wadda wasa ce amma saƙonta a fili yake. Mazan da ke dafa abinci sana'a ce ta kai su: mahauta da tsire da balangu da kilishi, 'yan daudu da abincin tasha da kasuwa, kukun Turawa, daga baya masu shayi. Fatake da 'yan ci-rani sukan yi guzurin abin da ba ya lalacewa, a zango kuma su sauka a hannun mai masauki, kuma Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan yadda matan gida ke samun kuɗi daga sayar wa baƙi da marasa iyali dafaffen abinci. Almajiri ma, wanda shi ne ya fi kowa barin gida da wuri, bara da aikin uwar ɗaki ne ke ciyar da shi.

Sauyi na farko mai girma ya biyo bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Gwamnatin mulkin mallaka ta nemi haraji da kuɗin ƙarfe, wuri ya ja baya aka koma fam da sule da sisi da kwabo da anini, wanda shi ne ɗaya bisa goma na kwabo, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912. Saurayin da ke iya samun kuɗi daga gyaɗar gayaunarsa, ko daga haƙar kuza a Jos, ko daga dako da leburanci a birni, yana iya biyan harajinsa ya yi aurensa ba tare da jiran uba ba, kuma wannan ya sassauta igiyar gandu tun kafin ƙarancin gonaki da rabon gado su ƙarasa aikin. A lokaci guda aikin En'e da na gwamnati da na kamfanoni ya haifar da ma'aikacin albashi, mutumin da rumbunsa ƙarshen wata ne, wanda ake yi wa canjin wurin aiki zuwa garin da ba shi da kowa ya tafi da amaryarsa su biyu. Lissafin da aka gada na shekara ne da na yini, lissafin wata kuwa sabon abu ne da babu uban da ya koya wa ɗansa, kuma daga nan ne bashin mai kanti da littafinsa da jiran a yi albashi suka shiga rayuwar gidajen birni.

Makarantar boko ta yi ƙoƙarin cike gurbi ta hanyarta. Makarantun 'yan mata da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, da cibiyar horar da mata ta Sakkwato ta 1939, sun ba darasin kula da gida da tsafta da ɗinki da girki babban matsayi, a wani ɓangare don a kwantar wa sarakuna da iyaye hankali cewa boko ba zai ɓata tarbiyyar aure ba. Amma girkin aji na awa ɗaya ko biyu a mako bai kama ƙafar shekara goma a gindin murhu ba, kuma da shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 da yaɗuwar makarantun kwana da Islamiyya, sa'o'in da yarinya ke yi a tsakar gida sun ragu ƙwarai. Aikin kansa ma ya canja: injin niƙa ya kashe dutsen niƙa ya rage daka, risho da gawayi da gas sun shigo kusa da murhu, dunƙulen Maggi ya zauna tare da daddawa ko ya ture ta, shinkafa da taliya da burodi sun rage wa tuwo sarauta a birane, Indomie kuma, wadda aka fara sarrafawa a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, ta zama abin da yaro namiji ke fara dafawa da hannunsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauƙaƙa wahala, wadda ba ƙarama ba ce ga wanda ya san surfen gero da asuba, kuma kowannensu ya mayar da wani abu da ake samu a gida ya zama abin da sai an saya.

Maza sun shiga madafa ne ta ƙofar larura. Naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu 1973, a shekarar ce kuma aka kafa hidimar ƙasa da ke tura matashi jihar da ba tasa ba na shekara guda, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya zo da hauhawar farashi a bayansa. A jami'o'i gwamnati ce ke tallafa wa abincin ɗalibai, kuma ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini na cikin abin da ya tayar da zanga-zangar ɗalibai ta Afrilu 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta a Legas da Zariya. Da aka janye tallafin a tsakiyar shekarun 1980, shirin gyaran tattalin arziki na 1986 kuma ya karya darajar naira, ɗalibi ya koma zuwa makaranta da risho da tukunya da ƙullin shinkafa da wake da garin kwaki da yaji, ya koyi garau-garau daga abokin ɗaki, ya koyi raba guzuri ya kai ƙarshen zango ta hanyar jin yunwa a makon ƙarshe. A Nijar karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994 ta yi wa gidajen ma'aikata irin wannan aiki. Wannan koyo na gaggawa ne da babu malami a cikinsa, kuma yawanci ana ajiye shi ranar da aka yi aure.

Ango da amarya na yau a Kano ko Kaduna ko Damagaram sukan tare a gidan haya su biyu, babu rumbu, babu uwar miji a tsakar gida, sau da yawa babu 'yar zaman ɗaki domin tana makaranta. A Kano, alal misali, mai hali yana sayen buhu a Dawanau lokacin kaka da kayan masarufi a kasuwar Singa da kwandon tumatir a 'Yankaba a shanya ko a markaɗa, wanda wannan tsohon tunanin rumbu ne a sabon yanayi, marar hali kuma yana awo kullum a wurin mai kanti da tsadar da ta fi ta buhu. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira ga kasuwa a watan da ya biyo baya, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, mafi ƙarancin albashi kuma aka ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin shekarar. A irin wannan hali kuɗin cefane ya zama filin rigima: miji yana ba da abin da ya saba bayarwa, mata tana cewa ba ya isa, kuma sau da yawa ita ke cikawa daga sana'arta ko albashinta duk da cewa shari'a ba ta ɗora mata ba. Ƙorafin da ya fi yawa a bakin jama'a da wa'azi da shirye-shiryen rediyo shi ne 'yan matan zamani ba su iya girki ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba a cika tambayar wanda ya koya wa saurayi awo ba bayan gandun da ke koyar da shi ya watse.

Gara ita ce matakin da ya rage da ƙarfinsa, amma ta sauya fuska, domin ta tashi daga ƙoren hatsi da kwalbar man shanu ta zama buhuna da katan-katan da jarkoki da ake ƙirgawa a gaban dangin ango, har iyaye na cin bashi ko su jinkirta aurar da 'ya saboda ita, malamai kuma suna ta nanata cewa ba ta cikin sharuɗɗan aure. Inda iyaye suka gaza, hukuma ta fara shiga gurbinsu: auren gata da gwamnatin Kano ta fara ta hannun Hisbah a 2012, wanda a zagayen Oktoba 2023 ya haɗa ma'aurata 1,800, ya ƙunshi sadaki da gado da katifa da kayan abinci da ɗan jari ga amarya, bayan gwajin lafiya da tantance cewa angon yana da sana'ar da zai ci gaba da cefane idan abincin da aka ba su ya ƙare.